'Yar Ɓarawon Kwano

Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihin Nagikura a shekarun nan ya san Kinuyo Tobita, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai farar safar hannu da ke zama kan kujerar katako a kusurwar ɗaki na uku. In ka kai hancinka kusa da gilashi za ta yi gyaran murya sau ɗaya. In ka yi kunnen uwar shegu ta yi na biyu, ban kuwa taɓa jin wanda ya tsaya jiran na uku ba. 'Yan makarantar da ake kawowa kallo sun fi tsoronta a kan sulken yaƙin nan mai abin rufe fuska na baƙin ƙarfe da ke tsaye a bakin ƙofa.

Ɗaki na uku shi ne na kayan shayi. A tsakiyarsa, cikin gilashi shi kaɗai, akwai wani ɗan akwatin katako, murfinsa a jingine, ba komai a ciki. A ƙasansa an kafa allo an rubuta: "Akwatin kwanon shayi mai suna Raɓa, gadon gidan Nagikura tun kaka na huɗu. Ya ɓace a hannun ma'ajin gidan a shekarar 1947." Ma'ajin nan da aka sakaya sunansa shi ne Gensaku Tobita, uban da ya haife ta. Kowace safiya ta duniya ita ke goge gilashin, ita ke goge allon, shekara talatin cur. Burinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: ranar da za ta ajiye aiki, ta durƙusa gaban Maigida ta roƙe shi ya cire layin nan na ƙarshe.

Gidan Tobita su ke riƙe da makullin taskar Nagikura tun zamanin da Nagikura ke mulkin ƙasar nan daga duwatsu har bakin teku. Sarautar ta tafi tun kakan Kinuyo na rarrafe, amma mu mutanen garin har yau ba mu daina ce wa shugaban gidan Maigida ba, ko da a jirgin ƙasa ka same shi yana gyangyaɗi da jarida a fuska. Babban aikin ma'aji shi ne shanyar kaka. In damshin bazara ya wuce, sama ta washe, sai a buɗe taska a fito da komai ya sha iska: rigunan siliki, takubba, takardun zane, kwanonin shayi, kowanne daga akwatinsa. In an gama a mayar, ma'aji ya ɗaure kowane abu da igiyar siliki, da ɗaurin da gidan Tobita kaɗai suka iya. Iri uku ne. Akwai na ajiya, akwai na kayan da aka kai gyara, akwai kuma na sallama, wanda ake yi wa abin da Maigida ya bayar kyauta, ba zai sake dawowa ba. A ido duk fure ne na igiya, amma ɗan gidan yana kallo ya san wanne ne, ya kuma san ko wani hannu ya taɓa shi.

Kinuyo na da shekara goma aka yi shanyar da ta rusa musu gida. Shekarar yunwa ce, shekara biyu bayan an ci mu da yaƙi. Mata na ɗaukar rigunan aurensu su kai ƙauye a ba su dankali, sojojin Amurka kuwa na zagaya gari cikin motocinsu suna zaɓar manyan gidaje su tare a ciki. Ranar shanya, dangi da barori duk suna tsakar gida, aka buɗe akwatin Raɓa aka tarar wayam. Gensaku ya sauko daga matakalar taska, ya zube gaban Tsohon Maigida, ya kafa goshi a kan tsakuwa.

"Ranka ya daɗe, sakacina ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da kuma bayanta. Kafin la'asar labari ya kai kasuwar kifi, kuma kun san bakin mutanenmu: wai ya sayar da kwanon ne a kan buhun shinkafa. Shinkafar da ko ƙwaya ba a taɓa gani a tukunyarsu ba! Tsohon Maigida bai kira 'yan sanda ba, makulli kawai ya karɓa, gari ya ɗauka da yabon haƙurinsa.

Daga nan mutumin da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi kwanon shayi nauyi ba ya koma dakon ƙanƙara da akwatunan kifi a bakin jirgi. Suka tashi daga harabar babban gida suka koma ɗaki biyu a bayan tasha. A makaranta sunan Kinuyo ya ɓace, ta koma 'yar ɓarawon kwano. In fensir ya ɓata a aji, jakarta malami ke fara zazzagewa. Da ta isa aure wani mai aikin jirgin ƙasa ya so ta, ita ma ta so shi, har an fara maganar sa rana. Iyayensa suka aiko a yi bincike a unguwa kamar yadda aka saba, bayan sati biyu aka dawo da hotonta a cikin ambulan, ba ko takarda. Ta yi kuka har ta gode wa Allah, ba ta kuma sake ba wani hotonta ba.

Abin da zai ba ka mamaki, duk da haka uban bai fasa koya mata ɗaurin ba. Ranar hutu sai ya zauna a bakin ƙofa da igiyar akwatin kifi, hannayensa duk sun tsattsage, ya ce ta zo. Wata rana, tana da sha biyar, ta daure ta tambaye shi.

"Baba, kai ka ɗauka?"

Bai ko ɗago ba. "Kin sassauta nan. Kwance ki sake."

Ita kam ta ɗauki wannan a matsayin amsa. Daga ranar ta yarda ubanta ɓarawo ne, ta ci gaba da son shi, ta kuma ci gaba da jin kunyarsa, abu biyu a ƙirji ɗaya. Ya rasu tana da ashirin da biyu, ciwon ƙirji, mutum bakwai suka raka shi.

Tsohon Maigida shi ma ya bi bayansa bayan 'yan shekaru. Ɗansa Masachika ya gaje shi, kuma shi ya ga kayan sun fi ƙarfin taska, ya gina gidan tarihi a inda bargar dawaki take a da. Kinuyo na jin ana neman masu shara ta sa rigarta mai kyau guda ɗaya ta tafi. A zaure ta durƙusa, ba ta ko yarda ta hau tabarma ba.

"Ranka ya daɗe, ni ce 'yar Gensaku. Na san ba ni da bakin roƙo a gidan nan. Amma ko tsintsiya ce a ba ni."

Masachika ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce ta fara gobe. Gari ya sake ɗauka: kai, jinin gidan nan daban ne, dubi yadda ya ɗauki 'yar wanda ya cuce su! Ita ma haka ta gani. Ba a yi wata uku ba aka gane duk masu digirin da aka kwaso daga Tokyo ba wanda ya iya ɗaure akwati ba tare da ya shaƙe shi kamar buhun gawayi ba, sai aka mayar da ita taska. Ba a taɓa kiran ta ma'aji ba, ita ma ba ta nema ba. Ba ta taɓa shiga taska ita kaɗai ba, ko an ce ta shiga sai ta nemi mai raka ta. In za ta tashi da yamma sai ta buɗe jakarta a gaban maigadi, shi kuwa ya yi ta cewa, "Haba Gwaggo, wa ya tambaye ki?" Kowace sabuwar shekara ita ce ta farko da ke zuwa gaida Maigida, da 'yar ledar alewar wake, ta sunkuya har sai ya ce ya isa.

A kakar 1998, saura wata biyar ta ajiye aiki, tana da sittin da ɗaya, wani ƙunshi ya iso daga Amurka. Shugaban gidan tarihin, Malam Ukai, mutumin Tokyo ne mai surutu da son tsokana, ya shigo taska da shi a rungume ana tsakiyar shanya, gumi na zuba.

"Gwaggo, ajiye tsumman nan ki zauna, kada ki faɗo min a kan kayan mutane."

"Malam, takalmanka."

"Af! Yi haƙuri." Ya koma ya tuɓe, ya dawo da takarda a hannu. "Wata mata ce ta rubuto. Ta ce kakanta soja ne, kyaftin, ya zauna a garin nan bayan yaƙi. Ya rasu bara, suna kwashe kayansa suka ga wannan a can ƙasan kabad, da sunan gidan nan a jiki. Ta ce tsohon bai taɓa bari an kwance shi ba, wai tsoro yake ya kasa mayar da ɗaurin. Gwaggo, ina jin Raɓa ce ta dawo."

Abin da ya fara zuwa wa Kinuyo shi ne: ashe sojan abokan gaba Baba ya sayar wa. Ta durƙusa kan tabarma, ta gyara safar hannunta, ta fara cire takardun da aka naɗe shi da su, ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga jakar siliki mai ruwan ganyen shayi, ta koɗe, bakinta a tsuke da igiya. Ta kai hannu, sai ta tsaya cak.

"Me ya faru?" in ji Ukai. "Ya fashe ne?"

"Ɗaurin sallama ne."

"Na me?"

"Na kyauta. Hannun Baba ne, ko a mafarki na gan shi na sani." Ta nuna masa tsakiyar igiyar. "Malam, ɓarawo ba ya yin wannan. Ba ya ma yiwuwa. Mutum ɗaya ba ya ɗaure shi, sai wani ya danna masa tsakiya da yatsa yana ja. Kuma ba a yin sa sai Maigida ya ce a yi."

Ta kwance shi a hankali, igiyar ta sandare da tsufa. Kwanon ya fito, baƙi-baƙi, da ɗigon fari a gefe, bai kai girman tafin hannu biyu ba. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba, domin a cikinsa akwai takarda a ninke. Ukai ya warware ta ya karanta a fili. Rubutun Tsohon Maigida ne, da jan hatiminsa a ƙasa: kyauta ga Kyaftin, don tunawa da alherin da ya yi na barin gidan Nagikura a hannun masu shi. Kwanan watan kuwa sati uku kafin ranar shanyar nan.

Malam Ukai ya ajiye takardar a kan tabarma. Ita kuwa Kinuyo dariya ce ta kufce mata, ta toshe baki da hannu, sai hawaye. Murna ce tsantsa, irin wadda ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. "Bai ɗauka ba," take ta faɗa. "Malam, ka ji? Bai ɗauka ba!" A ranta har ta tsara yadda za a yi: Maigida zai zo, zai karanta, hankalinsa zai tashi, ita kuma za ta ce masa ba komai, shi ai yaro ne a lokacin, ina ya sani.

Washegari Masachika ya iso a jirgin safe. Ya tsufa shi ma, kai ya yi fari, ga sanda. Ya sa aka kira ta ɗakin shan shayi na bakin tafki, inda ba a taɓa gayyatar ta ba. Ya sa ta hau tabarma, ya dama mata shayi da hannunsa. Takardar na ajiye a tsakaninsu.

"Kinu, kin sha wahala."

"Ranka ya daɗe, kada ka damu kanka. Kai ba ka sani ba."

Ya juya kofin da ke gabansa, ya sake juya shi. "Na sani."

Ta ɗauka kunnenta ne.

"Baba ya gaya min kafin ya cika. Kyaftin ɗin nan ya zo da takarda zai karɓi gidan ya mayar da shi masaukin hafsoshi. Ya ga kwanon ya yaba. To, kin san sauran. Amma a lokacin kowane gida a garin nan akwai hoton ɗa a jikin bango da baƙin ƙyalle. In aka ji Nagikura ya ɗauki gadon kakanni ya ba waɗanda suka kashe musu 'ya'ya don ya tsira da rufin kansa, wa zai sake kallon mu? Dole a ranar shanya a ce wani abu. Mahaifinki ya fahimta. Mutumin kirki ne, irinsa sun ƙare."

"Yaushe ya gaya maka?"

"Na ce miki, kafin ya cika."

"Kafin in zo neman aiki ke nan."

"Ai shi ya sa na ɗauke ki, Kinu."

Ya faɗe shi ne da taushin murya, yana jiran godiya. Kinuyo ta tuna zauren nan, da sanyin ƙasa a gwiwarta, da yadda ta ce ba ta da bakin roƙo, shi kuma yana zaune yana kallon ta, ya san komai. Ta tuna alewar wake talatin.

"Allon da ke ɗaki na uku fa, ranka ya daɗe? Wa ya rubuta?"

"Masana ne suka rubuta abin da suka tarar a littafin taska."

"Kai kuma ka karanta ka ce a kafa."

Ta ajiye hannu biyu a tabarma. "To, ban taɓa roƙon komai ba bayan tsintsiya. Layi ɗaya nake so. A rubuta cewa Gensaku Tobita bai ɗauki komai ba, aiken ubangidansa ya yi."

"Za a sauke allon nan yau ɗin nan. Za a rubuta cewa kwanon ya bar gida a ruɗanin bayan yaƙi, ya kuma dawo. Ba ma'aji, ba kowa."

"Ba sunansa ke nan."

"Kinu, ki duba. Har yanzu tsofaffin da suka rasa 'yan'uwa a yaƙi suna kai furanni kabarin Baba kowace shekara. In kashe musu shi kuma yanzu? Ba yanzu ba. Wata rana, bayan ranmu, masana za su buɗe su gani." Ya tura mata takardar da yatsa biyu. "Ki mayar da ita ƙasan akwatin, ki yi mata ɗaurin ajiya. Ranar bikin dawowar kwanon kuwa ke za ki ɗauko shi gaban magajin gari da 'yan jarida. Kowa ya gani da idonsa ya san mun yafe."

Mun yafe! Kalmar da ya zaɓa ke nan. Abin da ya fi ƙona mata rai har yau, in tana ba da labarin, shi ne abin da jikinta ya yi ba da izininta ba: bayanta ya tanƙwara, goshinta ya sauka, ta sunkuya masa kamar kullum. Takardar dai ba ta taɓa ta ba. Ta ja da baya ta fita, ta bar shayin ko kurɓa ba ta yi ba.

Ukai na tsaye a bakin tafki yana jefa wa kifaye ɓawon burodi, alhali shi ya kafa dokar hana hakan.

"Malam, kai ka karanta ta da bakinka. Kai masani ne, kana rubutu a littattafai."

Ya kasa haɗa ido da ita. "Gwaggo, kayan nasu ne, takardar tasu ce, ginin nasu ne. Ni ɗauko ni aka yi. In na buga ba da yardarsa ba, gobe zai kwashe komai ya mayar taska ya kulle."

"To, madalla. Ka samo mai ɗaure muku."

Rana tsaka ta fita, karo na farko cikin shekara talatin, ba ta kuma buɗe wa maigadi jaka ba. Ta bi ta kasuwar kifi, ta wuce tasha, tana tafe tana magana ita kaɗai. Mutum ɗaya ya rage mata a duniya da wannan labari zai yi wa amfani: mahaifiyarta Tsuya, mai shekara tamanin da shida, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana wankin kayan mutane ana nuna ta da baki, ta kuma yi sauran a matsayin matar marigayi ɓarawo. In Nagikura sun hana allo, ba za su hana ta gaya wa tsohuwar nan mijinta mai gaskiya ne ba. Tana tafe tana lissafin yadda za ta faɗa mata a sannu, kada zuciyarta ta buga.

Ta same ta a bakin baranda cikin rana, da faifai a cinya, tana tsintar jan wake.

"Ke kuma lafiya da tsakar rana? Ko sun gaji da gyaran muryar taki ne?"

Kinuyo ta durƙusa a gabanta, ta kama hannayenta. "Inna, ki natsu. Kwanon nan, Raɓa, an dawo da shi daga Amurka. Akwai takarda a ciki. Inna, Baba bai sata ba. Tsohon Maigida ne ya bayar da shi kyauta. Ɗaurin sallama ne a jiki, na gani da idona."

Tsohuwa ta zare hannunta, ta ɗauke wata 'yar tsakuwa daga cikin waken ta yar.

"Ɗaurin bai saki ba?"

"Me kika ce?"

"Igiyar sabuwa ce a lokacin, santsi gare ta. Sau uku yana sakewa. Har ya yi min faɗa wai ba na dannawa da kyau, ni kuwa yatsana har ya yi ja."

Wani jirgin kaya ya wuce ta bayan gida, tagogi suka yi ta karkarwa. Kinuyo ta jira har ya wuce.

"Ke kika danna masa."

"To, wa zai danna? Maigida ne zai sa yatsa a igiya? Ni ce ma na kai kwanon har motar sojan a cikin ɗankwalin ɗaurin kayana, don kada barori su gani."

"Inna." Muryar ta fito siririya, kamar ta yarinya. "Inna, kina gani malami na zazzage min jaka. Kina nan aka dawo da hotona. Ke kika karɓi ambulan ɗin a bakin ƙofar nan! Kika bar ni ina kuka kwana da kwanaki, kika ce in yi haƙuri. Shekara hamsin ina tsammanin ubana ɓarawo ne. Ya mutu ina tsammanin haka. Na wanke gawarsa ina roƙa masa gafarar abin da bai yi ba!"

"Rage murya, maƙwabta."

"Su ji! Ai su nake so su ji!"

"Ke, Kinu." Tsohuwa ta ɗago, idanunta tar, ba alamar kunya a ciki ko ɗis. "Ke yarinya ce, bakinki ba ya riƙe magana. Da kin girma kuma, ubanki ya ce a bar shi, alkawari ne. Kina tsammanin wahala ce kawai? A cikin barori goma sha takwas shi Maigida ya zaɓa. Shi kaɗai ya kira ɗaki, ya kama hannunsa ya ce, Gensaku, ka rufa min asiri. Ubanki bai taɓa tafiya da kai a sama irin ranar ba. Ke ba za ki gane ba, 'yan zamani."

"Ni ce 'yar zamani? Ni da na ba su rayuwata?"

"Ai kin kyauta. Kuma ga shi ba ki taɓe ba, a taska kika ƙare kamar kakanninki."

Kinuyo ta zauna daɓas a kan katakon baranda. Fushin da ta taho da shi na Maigida ne, ta san inda za ta ajiye shi. Wannan kuwa ba ta san inda za ta kai shi ba. Uban da ta yi shekaru tana wanke wa suna ashe yana alfahari da dattin, uwar da ta rugo ta yi wa albishir ashe da yatsanta aka ɗaure abin. Su uku suka zauna suka yanke, har da mai gadon su na huɗu, kowa ya samu abin da zai riƙe: wani gidansa, wani alkawarinsa, wata mijinta. Ita kaɗai ce ba a tambaya ba, kuma ita ce ta biya da duk abin da take da shi. Ta ji ta tsane su, matattu da rayayyu, ta kuma ji tsoron yadda abin ya zo mata da sauƙi.

Tsohuwa ta karkaɗe faifan, ta miƙo mata. Fuskarta ta washe, rabon da Kinuyo ta ga haka tun tana ƙarama.

"Ungo, jiƙa waken nan. Gobe mu dafa jar shinkafar biki, mu kai wa ubanki gaban hotonsa, mu gaya masa kwanon Maigida ya dawo gida lafiya. Kai, zai ji daɗi!"

Kinuyo ta dubi faifan. Ya karkace a hannun tsohuwar, waken na gangarowa gefe, saura kaɗan ya zube. Ta karɓa don kada ya zube.